Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ciyaman Ɗinmu: Kwalbatin Nan Dai

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan an yi damina lafiya.

Mu dai a tsallaken rafi muka yi tamu. Wannan ce damina ta uku da ruwa ya tafi da kwalbatin da ke haɗa garinmu da bakin titi, kuma ba labari nake ba ka ba. Kai da kanka ka tsaya a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan dagaci lokacin kamfen, ka nuna wajen da baki ka ce shi ne aikinka na farko. Mun ga gireda kuwa. Ta kwana biyu, tifa ta juye marmara tuli uku, ana gama zaɓe aka ɗauke giredar. Yanzu ciyawa ta rufe tulin, awaki ke kiwo a kai.

Ka zo ranar Alhamis ka ga abin da ake kira kasuwarmu. A da, tun kafin hantsi motocin 'yan Dawanau ke jeruwa suna lodin masara, gero da waken suya, mai tsire na fifita wuta, mata sun kewaye gindin rimi da ƙuli-ƙuli da daddawa. Yau dillali ɗaya ko biyu ke ƙetarowa, kuma abin da suka taya shi ne farashi, don sun san ba mai mayar da buhu gida. Matasa ke ɗaukar babur a kafaɗa su haye da shi, a ba su na goro. Da rani hanyar ba ta fi haka ba, ramin yana nan, babbar mota ba ta shiga. Bara na cire tumatir kwando 18 zan kai kasuwar Kwanar Gafan. Sai da amalanke muka fitar da shi bakin titi, ya yini a rana muna jiran mota. Rabinsa ruwa ya zama, ina tsaye ina kallo, ga bashin taki a wuyana.

Abin dariya, masu karɓar harajin kasuwa ba su taɓa fashi ba. Su rafin bai san su ba. Su naɗe wando su ƙetaro da rasit ɗinsu, kowane buhu sai an biya.

Ranka ya daɗe, gyaran irin wannan hanya ba alfarma ba ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa hanyoyi da kasuwanni cikin aikin ƙaramar hukuma. Duk lokacin da dattawanmu suka je sakatariya sai a ce kuɗi na maƙale a jiha. To, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In yana zuwa, ina namu? In bai zo ba, ka fito ka faɗa mana, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ake cewa kason ya ƙaru, mu kuɗin mota kawai muka ga ya ƙaru.

Don Allah ka duba mu. Cikin watan Agusta a kan amalanke aka ƙetare da matar ƙanena tana naƙuda, da fitilar waya. Allah ya rufa asiri, ta sauka lafiya.

Akwai maganar malamin gona da rabonmu da shi an daɗe, da rufin firamare, da samarinmu da suka tafi ci-rani Abuja da Legas suka ƙi dawowa ko da shuka. Waɗannan sai wani lokaci.

Mun yi aikin gayya sau biyu, mun cika buhuna da yashi, ruwa ya kwashe. Yashi da dutse da ƙarfi muna da su. Siminti, rodi da injiniya muke nema, kafin ruwan farko.

Naka,
Wani manomi daga tsallaken rafi