A Bar Yara Su Haɗa Kayan Adon Kirsimeti da Hannunsu, Su Kuma Ci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyaye da malaman makarantun Lahadi, musamman na Jos da Kaduna da Zariya da sauran garuruwan da ake bikin Kirsimeti, game da kayan adon da muke ratayawa a gidajenmu da majami'unmu a watan Disamba. Da zarar hunturu ya kama, kasuwanni kan cika da ƙwallayen roba masu sheƙi da igiyoyin ƙyalƙyali, akasarinsu daga ƙasar Sin, inda birnin Yiwu kaɗai yake samar da kaso mai tsoka na kayan Kirsimetin duniya. Uba ya saya, uwa ta rataya, yaro kuma a ja masa kunne kada ya taɓa. A ganina mun tauye yaran a nan, domin akwai hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, ta kuma fi daɗewa a tarihi, wato a zauna da su a haɗa kayan adon da ake ci.

Waɗanda muka ari al'adar bishiyar Kirsimeti a wurinsu da abinci suka fara ƙawata ta. Al'adar ta samo tushe ne a yankin Alsace, wanda yake cikin Faransa a yau, da ƙasashen masu magana da Jamusanci a ƙarni na 16, kuma wani rubutu na shekarar 1605 daga birnin Strasbourg na yankin Alsace ya bayyana yadda ake kafa bishiya a ɗaki a rataya mata tuffa da waina marar kauri da kayan zaƙi da furannin takarda. Ƙwallayen gilashi sun zo ne daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19, daga garin Lauscha na Jamus, kafin roba ta zo ta maye gurbinsu. Har yau abincin bai bar bishiyar ba. A Hangari ana rataya alawa naɗe cikin takarda mai ƙyalli, a Amurka yara kan zura gugguru a zare su zagaye bishiya da shi, a Jamus kuwa ana gasa biskit ɗin zuma da kayan ƙamshi wanda birnin Nuremberg ya yi suna a kansa. Mutanen Suwidin ma har rana suka ware, 13 ga Janairu, wadda yara suke wawashe kayan zaƙin da ke jikin bishiya kafin a fitar da ita waje.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kayan haɗin wannan biskit da Turawa suke ji da shi duk suna nan a kasuwanninmu. Citta tana cikin kayan ƙamshinsa, kuma Kudancin Kaduna, irin su Kachia da Jaba da Kagarko, na cikin wuraren da aka fi sani da noman citta a Afirka. Kanumfari da kirfa suna wurin kowane mai kayan yaji, zuma kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu. Abin takaici ne a ce cittarmu tana tafiya ƙasashen waje ana yin kayan biki da ita, mu kuma muna kashe kuɗi a kan robar da za ta fashe kafin baɗi.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A sami fulawa kofi uku, da bota rabin kofi, da sukari rabin kofi, da zuma rabin kofi, da ƙwai ɗaya, da garin citta cokali biyu na shayi, da garin kirfa cokali ɗaya, da ɗan garin kanumfari, da bakar hoda (baking powder) cokali ɗaya. A kwaɓa ya yi tauri kamar kwaɓin cincin, a rufe a bar shi ya huta kimanin awa ɗaya a wuri mai sanyi, sannan a murza shi da kwalba ko muciya har kaurinsa ya kai kusan rabin santimita. Daga nan aikin ya koma hannun yara. Bakin kofi yana fitar da da'ira, murfin kwalba yana fitar da ƙarama, wanda kuma yake son tauraro ko kifi ko tunkiya sai a zana masa a kwali a yanke, ya ɗora a kan kwaɓin babba ya bi gefen da wuƙa. Wajibi ne a huda kowane guda kusa da bakinsa kafin a gasa, kuma hudar ta ɗan yi faɗi, domin tana tsukewa a wuta, biskit ɗin da ya gasu kuwa ba ya huduwa sai dai ya karye. Ana gasawa minti 10 zuwa 12 a zafin digiri 180. Gidan da babu oben sai a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora faranti a kansa, a rufe, a gasa a kan gawayi mai matsakaicin zafi, kamar yadda mata da dama suke gasa kek.

Ba lallai sai biskit ba. Gugguru da ya kwana ɗaya ya fi sabo daɗin zurawa a zare domin ba ya saurin farfashewa, kuma idan aka riƙa raba tsakaninsa da dabino da aka cire wa ƙwallo sai ya ba da launi biyu masu kyau. Lemon zaƙi idan aka yanka shi sirara aka shanya, iskar hunturu takan busar da shi cikin 'yan kwanaki, haske kuma yana ratsa shi idan an rataye shi kusa da taga. Tuwon madara da iloka da gullisuwa da kantun riɗi ana iya naɗe su a takarda mai launi, a murɗe bakin biyu, a ɗaure da zare. Wanda ba shi da bishiyar roba ma kada ya damu, domin busasshen reshe da aka kafa a gwangwani cike da yashi ya wadatar.

Sai dai akwai abubuwan da ba zan so a yi sakaci da su ba. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko abin da aka yi da ita. Gugguru da gyaɗa da alawa mai tauri suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba, saboda haka a rataye su inda hannunsa ba zai kai ba. Allura da wuƙa da wuta aikin babba ne. Kada yara su ci ɗanyen kwaɓi tunda akwai ɗanyen ƙwai a ciki, kada kuma a shafa wa abin da za a ci fenti ko ƙyalƙyalin takarda, sai kalar abinci kawai. Akwai wani nau'in ado da ake nunawa a intanet wanda ake yi da fulawa da gishiri mai yawa. Wannan ba a cin sa, kuma bai kamata a gwama shi da na ci a bishiya ɗaya ba, domin yaro ba zai bambance ba.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗin. Turawa kan bar biskit a bishiya makonni, mu kuwa muna da ƙurar hunturu da kiyashi da tururuwa. Shawarata ita ce a gasa tun da wuri a adana a mazubi mai murfi, a rataya ranar 24 ga wata, a cinye cikin kwana biyu, duk abin da zai wuce haka kuma a sa shi a farar leda kafin a rataya.

Na san wasu dattawa za su ce wasa da abinci ba tarbiyya ba ce, musamman a wannan lokaci na tsadar fulawa da sukari, kuma maganarsu tana da nauyi. Amsata ita ce babu abin da ake zubarwa a nan. Ɗan abin da za a ɗiba daga kwaɓin cincin da gida zai yi ko ta yaya shi ne zai zama adon, kuma cikin yaran da na baƙi zai shiga. A matsayina na malamar firamare ina ganin yadda yaron da ya auna fulawa da kofi yake saurin gane rabi da kwata, da yadda wanda ya zura gugguru a zare yake koyon natsuwa da sarrafa yatsunsa. Haka nan tunda ba giya ko kitsen alade a cikin wannan haɗi, yaran maƙwabtanmu Musulmi da suke shigowa gaisuwar Kirsimeti, kamar yadda namu suke zuwa musu barka da Sallah, za su iya cira su ci babu fargaba.

Ina roƙon wannan jarida ta ware shafin mata da iyali na makon farko na Disamba ta kawo waɗannan haɗe-haɗe da hotuna, ta kuma gayyaci masu sana'ar tuwon madara da cincin su bayyana yadda za a yi su da siffofin da yara za su iya yankawa. Shugabannin zumuntar mata da malaman makarantun Lahadi kuma su ware yammacin Asabar ɗaya kafin biki, kowane gida ya kawo abin da ya sauwaƙa, a yi aikin tare a harabar majami'a.

Na gode.

Taku,
Wata malamar firamare,
Jos, Jihar Filato.