Wasiƙar Godiya ga Ofishin National RTAP, Masu Horar da Ma'aikatan Sufurin Karkara a Amurka

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan National RTAP,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari. Mu ma'aikatan tsara sufurin jama'a ne masu amfani da kayan horonku, kuma mun ga ya dace godiyarmu ta fito fili, da harshenmu, domin yabon gwani ya zama dole, kuma domin wanda bai taɓa jin sunanku ba ya san irin aikin da kuke yi.

Ga mai karatu da bai sani ba, RTAP, wato Rural Transit Assistance Program, shiri ne na taimaka wa sufurin karkara da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa a 1987, kuma hukumar sufurin jama'a ta tarayya, wato FTA, ita ke ɗaukar nauyinsa. A dokar sufurin ƙasar akwai Sashe na 5311, wanda ke ba da tallafi ga yankunan da mutanensu ba su kai 50,000 ba. Daga wannan kuɗi ake ware kashi 2 cikin ɗari domin horo da ba da shawara. Mafi yawansa jihohi ake raba wa, kowace ta horar da nata, ɗan abin da ya rage kuma shi ke riƙe ofishin ƙasa da muke yi wa wannan wasiƙa. Littattafansu da darussansu na intanet da manhajojinsu duk kyauta ne.

Abin da ya sa horon nan ya zama tilas yana cikin yadda aka tsara tallafin kansa. A mafi yawan jihohi, in za a sayi mota gwamnatin tarayya na biyan kashi 80 cikin ɗari. In kuwa aka zo kuɗin tafiyar da ita, wato albashi da mai da gyara, ba ta wuce rabin giɓin da ya rage bayan an cire kuɗin motar da fasinjoji suka biya. Sauran rabin sai an nemo shi a gida, daga ƙaramar hukuma ko kwangilar kai marasa lafiya asibiti. Ke nan samun mota ya fi riƙe ta sauƙi nesa ba kusa ba, kamar wanda aka ba kyautar doki bai tanadi harawa ba. Ga shi kuma ofishin sufurin karkara sau da yawa mutum uku ne ko huɗu. Manaja shi ne akawu, shi ke ɗaukar waya, ranar da direba bai zo ba shi ke riƙe sitiyari. Da yawansu ma tsofaffin direbobi ne da aka wayi gari aka ce su hau kujerar, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake karanta takardar tallafi. Kun san wannan mutumin, kuma don shi kuka rubuta kundinku na manajan sufuri, shi ya sa yake karantuwa.

Babbar godiyarmu tana kan darasin rabon kuɗin aiki, da manhajar lissafi da kuka haɗa shi da ita. Hanyar ba ta da wuya, amma ƙalilan ne ke binta kafin a koya musu. Ana ɗaukar duk abin da aka kashe a shekara a kasa shi uku. Akwai kuɗin da ke tafiya da awa, kamar albashin direba da alawus ɗinsa. Akwai wanda ke tafiya da mil, kamar mai da taya da juye da kayan gyara. Sai wanda ba ya motsi ko mota ta fita ko ta kwana, kamar hayar ofis da albashin manaja da kuɗin waya. A ce hukuma ta kashe dala 600,000: 360,000 na awa, 120,000 na mil, 120,000 na ofis. Motocinta sun yi awa 12,000 da mil 240,000. Kowace awa ta tashi dala 30, kowane mil rabin dala, kuɗin ofis kuma ya zama ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan duk abin da aka lissafa.

To a ɗora wannan a kan tafiya ɗaya da kowane mai sufurin karkara ya sani, kai mai wankin ƙoda asibiti. A ce asibitin yana mil 60, zuwa da dawowa mil 120. Wankin yana cin kusan awa huɗu, direba kuwa ba zai dawo gida ya sake komawa ba, sai ya jira, don haka yinin ya cinye awa bakwai. Awa bakwai dala 210, mil 120 dala 60, jimla 270, a ƙara kason ofis ya zama dala 337 da rabi. Kuma sau uku ake wannan a mako, mako bayan mako. Manajan da bai yi lissafin nan ba, in aka ce ya faɗi farashi sai ya dubi mai da taya kawai, ya ce dala tamanin ko ɗari, ya sa hannu a kwangila yana murna ya samo kuɗin shiga. Wata takwas ko tara sai asusu ya bushe, a rasa inda kuɗin ya bi, alhali ba wanda ya ci ko sisi. Wanda ya yi lissafin kuwa yana ganin mafita da idonsa: awa ce mai tsada, ba mil ba. In aka zauna da asibitin aka roƙi a haɗa marasa lafiya uku na yanki ɗaya a lokaci guda, kowannensu ya dawo dala 112 da rabi, mota ɗaya, direba ɗaya.

Nan ne aikin mai rabon tafiye-tafiye ya shigo, mutumin da ke zaune da waya da rediyo yana tsara wa zai ɗauki wa, da ƙarfe nawa. A karkara yawancin sufurin na kira ne, fasinja ya bugo yau a zo ƙofar gidansa gobe. Darasinku na wannan aiki ya tsaya a kan ƙananan abubuwan da ke rusa jadawali. Ana tambayar mai kira ƙarfe nawa ne ganin likitansa, daga nan a lissafo baya, ba a tambaye shi ƙarfe nawa yake so a zo ba. Ana tambaya ko yana da keke ko ɗan rakiya, domin ɗora keke da ɗaure shi na cin mintuna, kuma jadawalin da bai ware su ba tun ɗaukar farko zai makara, makarar kuma ta bi shi har yamma. Ana rubuta kwatance, don a ƙauyuka da yawa lambar gida ba ta kai direba ko'ina. Sannan a sami rubutacciyar ƙa'ida kan wanda aka je ɗauka ba a same shi ba, kowa ya san ta tun kafin ta hau kansa, ba a bar wa direba ya yanke hukunci a ƙofar gidan mutane ba.

Sai batun keken masu lalurar tafiya, wanda a ganinmu shi ne inda horonku ya fi ceton rai kai tsaye. Tun dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990, ƙa'ida ce na'urar ɗaga keke ta iya ɗaukar aƙalla fam 600, kusan kilo 272. Keke yana fuskantar gaba, a ja birkinsa, in mai batir ne a kashe shi. Ɗauri huɗu ne, biyu gaba biyu baya, kowanne a jikin ƙarfen gangar keken, a karkace kusan digiri 45. Kuskuren da aka fi yi shi ne maƙala ƙugiya a taya, ko matakin ƙafa, ko madogarar hannu mai cirewa, domin su ne suka fi kusa da hannun direban da ke sauri. Birki ɗaya mai ƙarfi sai abin ya fizge. In an gama, keken bai kamata ya gusa fiye da inci biyu ta kowane ɓangare ba. Ɗaurin keke kuma ba shi ne ɗaurin mutum ba: bel ɗin cinya ya zauna ƙasa a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba, kada kuma ya haye ta saman madogarar hannu, na kafaɗa ya ratsa tsakiyar kafaɗa ba wuya ba. Kun kuma nace a riƙa gwada na'urar ɗagawa kowace safiya, a sauke ta a ɗaga ta kafin a bar gareji, direba kuma ya san yadda ake sarrafa ta da hannu in wuta ta ƙi. In ta lalace babu motar canji, dokar ta ba yankin da bai wuce mutum 50,000 ba kwana biyar kacal, daga nan sai a ajiye motar. Ɗaukar waɗannan darussa kuka yi kuka mai da su ƙananan katuna da direba zai karanta yana jiran fasinja, wannan dabara ce ta wanda ya san ba a iya tara direbobi shida a aji a bar gari babu mota.

Muna yaba muku musamman da kuka ware wa al'ummomin asali na Amurka nasu kundi, ba ku cusa su cikin na kowa ba. Ƙabilu fiye da 570 gwamnatin tarayya ta amince da su, kowace da gwamnatinta da majalisarta, kuma suna iya karɓar tallafi kai tsaye daga FTA ba sai ta hannun jiha ba. Dokar sufuri ta 2005 ce ta buɗe musu shirinsu na kansu, ta 2012 kuma ta kawo rabon da ake yi bisa lissafi. Yanayinsu ya sha bamban da juna. Ƙasar Navajo ta kai kusan murabba'in mil 27,000 a tsakanin Arizona da New Mexico da Utah, a Standing Rock da ke Dakota kwalejin al'umma ce ke tafiyar da motocin, ƙabilun Umatilla na Oregon kuwa motocinsu na ɗaukar kowa da kowa har garuruwan maƙwabta. Amma lissafin rabon ɗaya ne ga dukansu, kuma nan ne horo yake komawa kuɗi. Rabin kuɗin ana raba shi gwargwadon mil da mota ta yi tana bakin aiki. Rubu'i ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙabilun da suka kai mil 200,000 a shekara. Rubu'in ƙarshe na ƙabilun da ke da masu ƙaramin ƙarfi fiye da 1,000 a ƙasarsu.

Wato takardar da direba ke cikewa a kan cinyarsa ita ke yanke kasafin baɗi. Lamba huɗu ake so daga agogon mil: ta barin gareji, ta ɗaukar fasinjan farko, ta sauke na ƙarshe, ta komawa gareji. Abin da ke tsakanin ta biyu da ta uku shi ake ƙirgawa, tafiyar fita da ta komawa gida ba kowa a ciki ba ta shiga. Direban da ya rubuta lamba biyu kawai ya bar ofis da zaɓi biyu marasa daɗi, ko a kai rahoton ƙasa da abin da aka yi a yi asarar haƙƙi, ko a kai fiye a gamu da masu binciken kuɗi. Ƙabilar da ke dab da mil 200,000 kuwa, sakacin wata biyu na iya fitar da ita daga rubu'i guda na rabon.

Gwajin ƙwaya da giya ma kun warware shi yadda ƙaramin ofis zai iya bi. Ba a ba direba mota sai sakamakon gwajin ƙwaya ya fito da kyau. Gwajin ba-zata dole ya warwatsu a duk ranakun aiki da lokutansa, in kullum safiyar Litinin ake yi ya daina zama ba-zata. Bayan haɗarin da ya kai mizani, awa 8 ake da ita don gwajin giya, 32 don na ƙwaya, kuma a inda wurin gwaji mafi kusa ke da tafiyar awa biyu, wanda bai ajiye lambar wurin da ke buɗe da dare ba tun kafin haɗari zai ga awa takwas ta wuce yana buga waya.

Manhajarku ta GTFS Builder, mai tsara bayanan layuka da jadawali yadda taswirar intanet za ta karanta, ta sa ƙaramar hukuma na iya saka layukanta a Google Maps da takardun Excel kawai, ba sai ta ɗauki ɗan kwangila ba. Abu biyu ke yawan kawo cikas. In aka manta alamar ragi a gaban lambar da ke nuna gabas da yamma, tashar da ke Arizona sai ta bayyana a ƙasar Sin. In kuma ranar ƙarewar jadawali ta wuce ba a sabunta ba, layin ya ɓace daga taswira, fasinja ya ɗauka an daina. ProcurementPRO kuma na zaƙulo sharuɗɗan tarayya da dole su shiga takardar kwangila gwargwadon abin da za a saya da tsadarsa, abin da in aka tsallake shi za a iya hana biyan kuɗin motar da ta riga ta iso.

Dokokin nan na Amurka ne, ba su hau kan mai tafiyar da motocin ƙaramar hukuma a Jigawa ko Damagaram ba. Amma lissafin awa da mil bai san iyakar ƙasa ba, haka ɗaurin keke da duba mota da safe, kuma duk wanda ya ga jerin bas-bas na gwamnati sun kwanta a gareji shekara uku bayan bikin ƙaddamarwa zai gane inda darasin ya dosa. Kayan da Turanci suke, a buɗe suke ga mai intanet, malaman sufuri da ɗalibansu a wurare irin su cibiyar fasahar sufuri ta Najeriya, NITT, da ke Zariya za su sami abin ɗauka.

Roƙonmu ɗaya ne. Yawancin masu buƙatar horon nan suna zaune ne inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, a ƙasashen ƙabilu da ƙauyukan nesa. Ku ci gaba da buga littattafan a takarda, kuma duk sabon darasin da za ku fitar a yi shi yadda za a sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba tare da layi ba.

Mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wasu ma'aikatan tsara sufurin karkara