Wasiƙar Godiya ga Garejin Masu Wayarin na Hanyar Bauchi a Gombe

Zuwa ga Maigidan gareji da dukan yaransa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa aikin da kuka yi wa motata, kuma domin 'yan'uwana masu manyan motoci da direbobinsu su san cewa a garin Gombe akwai inda ake gyaran wayarin inji da ilimi da tsoron Allah. Na sakaya sunanka, Maigida, saboda na san kai ba mai son a yi ta yayata ka ba ne.

Motar DAF ce, samfurin XF95, wadda ta haura shekara ashirin a kan titi. Da ita nake ɗaukar siminti daga Ashaka zuwa Bauchi da Yola, idan kaka ta yi kuma ta ɗauki hatsi daga Tudun Hatsi. Ciwonta shi ne da zarar inji ya ɗauki zafi sai ya fara katsewa, ta rasa ƙarfi a hawa, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya, sai ta huce sannan ta tashi kamar babu abin da ya faru. Duk wanda ya san hanyar Alkaleri da dare ya san haɗarin da ke cikin mutuwar mota mai cikakken lodi a tsakiyar kwalta, ga direba da yaron mota, ga kuma masu tahowa daga baya. An canza mata matatar mai, an wanke tanki, daga ƙarshe wasu masu gyara suka yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwar motar ce, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta lalace, sai dai in aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a sayo wata, a kan kuɗin da zai cinye ribar watanni.

Ku kuwa ba ku yi gaggawar yanke hukunci ba. Kun tayar da injin, kuka bar shi ya yi zafi, sannan Maigida ya riƙa bin damin wayoyin yana motsa su ɗaya bayan ɗaya, yaro kuma yana kallon mita. Da hannunsa ya kai kan soket ɗin sensar da ke ƙirga juyawar inji, nan take injin ya shaƙe. Da aka buɗe soket ɗin, na gani da idona: ɗan kunnen robar da ke kulle shi ya daɗe da karyewa, robar da ke hana ruwa shiga ta kumbura saboda baƙin mai, haƙoran cikinsa kuma sun yi koren tsatsa. A wasu soket biyu na famfunan mai, rigar wayar ta bushe ta tsattsage saboda zafin inji, kuma a wani wuri an taɓa murɗe waya da waya aka naɗe da baƙin salatif aka bar su haka.

Bayanin da ka yi mini a ranar ya fi mini komai amfani. Ka ce duk da motar tana aiki da batir biyu masu ba da bolt 24 a haɗe, saƙon da sensa ke aika wa ƙwaƙwalwa ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, don haka tsatsa kaɗan ko ɗan sakin haƙori ya isa ya ɓata shi. Idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗa, ga kuma girgizar inji, sai haɗin ya yanke. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta daina jin juyawar inji sai ta hana famfuna ba da mai. Ashe ita lafiyarta ƙalau, aikinta take yi.

Yadda kuka yi gyaran shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kun fara cire kan batir kafin ku taɓa komai. Kun ɗauki hoton kowane soket da wayar hannu, kuka sa wa kowace waya alama, domin sauya wa waya biyu gurbi kaɗai na iya ƙona abin da da lafiyarsa. Kun zare haƙoran da ɗan siririn ƙarfen da aka yi domin haka, ba ku fasa gidan soket ɗin da sukundireba ba. Kun yanke kowace waya kuna komawa baya har sai da kuka tarar da jan ƙarfe mai sheƙi, sannan kuka ƙara sabuwa mai kauri daidai da ta asali. Na tambaya me ya sa ba ku zuba dalma a ko'ina ba, ka ce dalma tana sa waya ta sandare, kuma a jikin inji mai girgiza a daidai nan take karyewa, shi ya sa kuka matse haɗin da filayar matsi, kuka rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta. Wayoyin sensa da aka yi su a murɗe da juna kun mayar da su a murɗe, kun wanke inda wayar da ke komawa jikin shasi take ɗaure, kuma kun ɗaure damin nesa da bututun hayaƙi. Ni a ganina wannan haƙuri shi ne sana'ar, kuma shi ne abin da ya yi ƙaranci a garejoji da yawa.

A wajen kuɗi ma ba ku ɓoye mini komai ba. Kun nuna mini soket ɗin da kuka ciro daga tsohon damin waya na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, da kuɗinsa, kun faɗi ladan aikinku daban, kuma kun miƙo mini ruɓaɓɓun da kuka cire. Da kun ce in sayo ƙwaƙwalwa da na saya, domin ba ni da hanyar musa muku, amma ba ku yi ba.

Ina kuma yaba yadda kake koyar da yaranka. Na ga ƙaraminsu ya matse wani haɗi, ka ja shi da hannu ya zare, ka sa ya sake ba tare da tsawa ko zagi ba, har sai da ya riƙe. Ka kuma ja kunnen direbana da ya daina bari a fesa wa inji ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota, ya kuma riƙa gyara yoyon baƙin mai da wuri tun bai jiƙa wayoyi ba. Yana kiyayewa.

Tun daga ranar motar take lodinta tana dawowa, ta hau tudun Kaltungo da siminti ba ta katse ba. Ina kira ga masu tsofaffin motoci, musamman 'yan'uwana na ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO, da su bari a binciki soket da wayoyi kafin su kashe kuɗi a kan manyan kaya.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku da iyalanku, ya jiƙan magabatanku, ya kuma ba yaran nan ikon buɗe nasu garejin a kan wannan tarbiyya, amin.

Wassalam.

Naku,
Wani mai babbar mota,
Gombe.