Kafin a ce a sauke inji, a leƙa tanki tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu tsofaffin motocin shiga daji, da direbobinsu, da kuma 'yan uwana makanikai. Ni bakanike ne a Gashuwa, injin gas nake gyarawa, kuma a gareji furfura ta same ni.

Mazaunin Kano ko Kaduna zai ɗauka zamanin motocin nan ya wuce. A arewacin Yobe bai wuce ba. Duk inda kwalta ta ƙare, a ƙauyukan da ke bayan Yusufari da Machina da Kanamma, har a tsallaka Maine-Soroa a Nijar, tsohuwar Land Cruiser da Hilux ne ke ɗaukar buhunan gero da awaki da amarya da mai naƙuda. Ranar da ɗaya ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shiga uku ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda "a sauke inji" ta yi arha a bakinmu. Mota ta ƙi tashi da safe, ko ta rage ƙarfi, ko ta fara hayaƙi, kafin mai ita ya gama bayani an riga an yanke hukunci: ring ne, wato zoben fistin. Bawan Allah ya sayar da sa ko amfanin gonarsa, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo ring da gasket da sauran kaya, a kwance, a ɗaure, mota ta koma hanya, bayan sati ta dawo da ciwonta yadda yake. Ina dalili ba za ta dawo ba, tunda ciwon yana kwance a gindin tanki, inda babu wanda ya leƙa?

Yawancin injin da ke zuwa mana 1HZ ne na Land Cruiser, mai silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Sai yayansa 2H mai lita 4.0 a motocin da suka fi tsufa, sai su 2L da 3L da 5L na Hilux masu silinda huɗu. Babu kwamfuta a jikinsu, ba kuma filogi mai tartsatsi ko kafireto. Inji ya zuƙi iska, fistin ya matse ta har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ke nan buƙatarsa iska ce mai tsabta, da mai mai tsabta da ke zuwa a kan lokaci, da matsi. Na farko da na biyu ana duba su da sifana da guntun tiyo a gindin bishiya. Na ukun ne kaɗai ke sa a sauke inji, shi ma akwai abin auna shi.

A kan mai zan fi daɗewa, don a nan rabin aikinmu yake. Tun 2022 da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, direba ya koma sayen na jarka a bakin hanya, kuma ban ga laifinsa ba, a daji ina gidan mai? Sai dai man jarka yana zuwa da abokan tafiya: ruwa, yashi, tsatsar duro, wani lokaci har kananzir. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka yana kwantawa a ƙasan tanki da ƙasan filta. A ƙarƙashin filtar mai akwai wani ɗan marfi da ake murɗawa a tsiyaye shi, akwai kuma wuta a gaban direba da aka yi ta don ta kama idan ruwan ya taru. A motocinmu wutar ta mutu tun kafin a haifi yaron motar. To mai gida, ka tsiyaye da hannunka cikin kwalba mai haske, ka ɗaga sama ka duba. Kananzir kuwa shi ne mugu mai sallama, don mota za ta tashi, ta yi gudu, ba ka ga komai ba. Injekta, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul, ta 1HZ da ta Hilux ba baƙin mai ke shafe cikinta ba, gas ɗin da ke ratsa ta ne ke yi mata maiƙo. Kananzir ba shi da wannan santsi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a hankali har ranar da mota za ta ƙi tashi idan ta yi zafi.

Idan mota tana tashi, ta yi 'yar tafiya, ta fara sheshsheka ta mutu, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A samu galan na gas mai kyau, a cire tiyon da ya fito daga tanki, a tsoma wani tiyon daga filta zuwa cikin galan, a danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar har ya yi tauri, a tayar. In ta tsaya daram, an wanke inji, an wanke injekta, laifin yana tsakanin tanki da filta: ko rariyar cikin tanki ta toshe, ko tiyo ya tsage yana shan iska. Mai son gani da ido ya haɗa guntun tiyo mai haske kafin injekta, zai ga kumfa na wucewa. Akwai ma wanda ya fi wannan ban dariya. Murfin tanki yana da 'yar kafar numfashi, direba ya ɓatar da na asali ya toshe bakin da leda da roba, mai ya ragu, iska ba ta shiga, famfo ya kasa ja. Ka buɗe murfin ka ji "fuuu", ka tayar da mota ta tafi. Na ga motar da aka yi wa ring sabo fil a kan wannan.

Wadda ke juyawa lafiya amma ta ƙi kamawa ko kaɗan, ba ko hayaƙi a salansa, mai ne ba ya isa silinda. A jikin injekta akwai solinoid mai waya ɗaya, shi ke buɗe wa mai hanya idan an murɗa makulli. Ka sa yaro ya murɗa, ka kara kunne, za ka ji "ƙyas". In ba ka ji ba, bi wayar da fiyus kafin ka taɓa wani abu. Masu 2H kuma su tuna da na'urar EDIC, wadda ke kashe inji idan ta ga baƙin mai ba ya hawa. Motar da ta tashi ta mutu bayan 'yan daƙiƙu tana iya kasancewa ceton kanta take yi. Wasu sai su cire na'urar su ɗaura waya su yi gaba, ba tare da sun tambayi me ya sa ta kashe ba.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, kuma a ƙasar da hazo da ƙura ke rufe rana watanni, filtar iska ce abin zargi na farko, sai nozul mai ɗiga, sai injektar da wani ya murɗa don direba ya ce yana son ƙarfi. Shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari iri biyu ne, kuma hanci ke raba su: mai warin gas da ke sa ido hawaye man da bai ƙone ba ne, mara wari da ke ɓacewa nan take kuwa tururi ne, sai a duba ko ruwan lagireto na raguwa. Game da filtar iska, don Allah a daina buga ta da taya, a daina kuma cire ta gaba ɗaya wai mota ta sha iska. Takarda ce, in ta huje ko kaɗan yashin Yusufari zai shiga ya goge ring da silinda, a lokacin kam sauke injin ya zama dole. In za a hura ta, daga ciki ake hurawa zuwa waje, a kuma haska tocila a cikinta a ga ko haske na fita ta wata kafa.

Da hunturu ya kama, ƙorafi ɗaya ne kowace safiya: ba ta tashi sai an tura. Waɗannan injuna suna buƙatar filogin hita ya ɗumama musu ɗaki kafin su kama da sanyi. Biyu ko uku sun mutu cikin shida, mota ta yi ta juyi tana farin hayaƙi, ta tashi tana rawa, bayan minti kaɗan ta daidaita. Wannan ba ring ba ne. A kwance su ɗaya bayan ɗaya a gwada da batir, mai rai bakinsa zai yi ja. A duba kan batir da wayar da ke haɗe da jikin mota, don injin gas in bai juya da sauri ba ba ya tara zafin kamawa. Al'adar da na fi tsana ita ce ta fesa fetur ko maganin sauro a hancin inji. Tana tashi, gaskiya ne, amma wannan ƙarar da kake ji kamar ana dukan guduma a ciki fistin da ring ne ke shan ta.

Zafi kuwa, a nan ne muke yin aika-aika da kyakkyawar niyya. Mota ta tafasa a yashi, abu na farko da ake yi shi ne a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. A irin 1HZ, tamostat ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, idan ya buɗe yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai je lagireto ba. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya yi ta zagaye da zafinsa. Maimakon haka a fara da fanka. Tsakiyarta akwai kuloci mai wani mai mai kauri, in ya tsiyaye za ka ga fankar na juyawa amma ba ta jan iska. A kan kwalta iskar gudu za ta rufa mata asiri, a yashi da ƙaramar giya asirin zai tonu. Ka kashe inji tun yana da zafi, ka juya fankar da hannu, in ta yi ta wulwulawa ba turjiya, ka samo ɓarawonka. Sai murfin lagireto, wanda aikinsa riƙe matsi ne don kada ruwa ya tafasa da wuri, in robarsa ta mutu ya tashi aiki. Sai tsabar ciyawa da ƙaiƙayi da ke toshe fuskar lagireto bayan damina. Sai ruwan da muke zubawa. Rijiyoyi da tafkuna da yawa a wannan yanki akwai kanwa da gishiri a ruwansu, suna kama bututun ciki su toshe shi sannu a hankali. Wanda bai da kuɗin ruwan kwalba na lagireto ya tari ruwan sama ya ajiye.

Tof gasket na ƙonewa, ban musa ba, amma yana da shaidu. Da safe kafin inji ya yi zafi, buɗe lagireto ka tayar. Kumfa na tasowa ba tsayawa, tiyon sama ya yi tauri nan da nan, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to yanzu ana iya maganar buɗe kai. Kai kawai, ba duka injin ba.

Wani lokaci ma babu ruwan inji. Direba ya ce ba ta da ƙarfi a yashi, ka je ka tarar ya saka oksilari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, amma ɗaya daga hob ɗin tayoyin gaba yana kan FREE, wato bai kulle ba, ko haƙoransa sun cinye, ko tayoyi sun sha iskar kwalta, ko kuloci na zamewa.

Wuri ɗaya ne nake cewa a kashe kuɗi tun mota na lafiya: taimin bel. 2H ba ta da shi, amma 1HZ da injunan Hilux suna da shi, kuma in ya tsinke ana tafiya fistin zai haɗu da bawul. A tsofaffin motocin nan wutar T-BELT kan kama a kilomita 100,000, sai dai agogon kilomita na yawancinsu ya daɗe da tsayawa. Wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba ya canza bel ɗin, ya rubuta kwanan wata da fenti a jikin murfin.

In an bi duk wannan ciwo bai fito ba, sai a auna matsi. Ana cire filogin hita a ɗaura ma'auni, a juya inji, silinda bayan silinda. Lafiyayyen 1HZ yana ba da kilo 37 ko sama a kan kowane murabba'in santimita, littafin Toyota kuma ya sa 27 a matsayin iyakar ƙasa. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a nuna masa allurar da idonsa kafin ya taɓa garkensa.

Matsalar ita ce ma'aunin na gas ba kowane gareji ke da shi ba, kuma na fetur ba ya ɗaukar wannan matsi. Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, da na direbobi, NURTW, a Gashuwa da Nguru da Gaidam, su haɗa kuɗi su sayi ko da guda ɗaya a kowane gari, tare da na'urar gwada nozul, a ajiye a ofishin ƙungiya. Mai buƙata ya biya ɗan abin da aka yanka, ya sa hannu, ya ɗauka, ya dawo da shi kafin magariba.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon bakanike,
Gashuwa, Jihar Yobe.