Godiya Ga Ma'aikatan Ƙaramin Asibitin Unguwarmu a Agege

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in fito bainar jama'a in gode wa ma'aikatan ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarmu a Agege, tare da dattawa da limaman da suka haɗa kai da su.

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas ya san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti. Ba kuɗi kaɗai ba ne. Tsohuwa za ta yi sammako ta kama layi, a kira sunanta da wata irin murya ba ta gane ba, a tsallake ta. In ta samu shiga, a yi mata tambaya da Yarbanci ko Turanci, ta yi shiru, a daka mata tsawa a gaban jikokinta. Mahaifiyata ta sha wannan a wani babban asibiti, har ta rantse gara ta sayi ƙwaya a kemis. Haka hawan jini ya ci gaba da cin ta, mu muna cewa gajiya ce.

Abin da ya sauya shi ne, waɗannan ma'aikata su suka tako suka same mu. Sun zauna da dattawa, aka ba su 'yan matanmu biyu masu ilimi suna yin tafinta ranar awon ciki da ranar rigakafi. Wasu Juma'o'in sukan kafa tebur a ƙofar masallaci su auna jini da suga kyauta. Mahautan Oko-Oba, 'yan dako, masu gadi, kowa ya miƙa hannu. A nan na fara jin cewa in awon hawan jini ya kai 140 bisa 90 sai a nemi likita, ko da mutum bai ji ciwon komai ba.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce babbar nas ɗinsu, Bayarabiya ce mai manyan shekaru. Da na lallaɓa Inna muka je, sai ta taso daga kujerarta ta riƙe mata hannu, ta ce, "Mama, sannu, ina ciwo?" Hausar tata ke nan, amma ta wadatar. Ta zana rana da wata a jikin takardar magani don Inna ta gane na safe da na dare. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata zuri'a.

Lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, ita ce ta tara 'yan ga-ruwa da masu abinci, ta koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sun kuma yi mana bayanin inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko.

Abin da ke damuna shi ne 'yan uwanmu na sauran unguwanni. Har yau akwai wuraren da mai naƙuda za ta iso a ce sai an ajiye kuɗi kafin a dube ta, akwai inda mai gadin ƙofa ma sai ya wulaƙanta ka don ya ga hula da doguwar riga. Ina roƙon shugabanninmu na Mile 12, Idi-Araba da Obalende su zo su ga yadda aka yi a nan, su je su zauna da asibitocin da ke kusa da su.

Naku,
Wani mazaunin Agege