Kafin Ka Buɗe Cikin Jitar Nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na karanta saƙonka a kan jitar bes ɗinka, cewa kana so ka zare kayan lantarkin cikinta ka sa sababbi da hannunka. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ina goyon bayanka. Sai dai ka lissafa mini abubuwan da za ka saya, amma ba ka faɗi abin da ke damunka a sautin ba. Daga nan nake so ka fara.

Jona ta da amfilifaya, ka zauna ka saurara. In tana gurnani, kuma gurnanin yana raguwa da zarar ka taɓa tsirkiyoyi, wayar ƙasa ta jitar, wato wadda ke kwashe hayaniyar lantarki, lafiya lau take, ramin kayan ne ba shi da kariya daga hayaniyar wutar ɗaki. In ka taɓa babu abin da ya sauya, duba siririyar wayar nan da ke ƙarƙashin jakin ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa, wataƙila ta tsinke. In ƙaraf-ƙaraf kake ji idan kana murɗa sauti, datti ne a cikin mamurɗi, feshin wanke kayan lantarki ya ishe shi. In murya tana ɗaukewa duk lokacin da waya ta motsa, soket ne ya saki. In kuwa dushewa ta yi, fara da sababbin tsirkiyoyi, sannan ka gyara tazararsu da maɗaukin sauti, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar motsinsu. Duk cikin waɗannan babu mai bukatar sabon maɗauki.

Kada ka raina tsohon tsari marar batir. Lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951, abin da ke cikinta bai wuce maɗauki ɗaya, mamurɗai biyu, kafasita ɗaya mai tace kaifin sauti da soket ba, kuma har yau manyan makaɗa da yawa da wannan suke aiki. A nan lambobin da ke rubuce a jikin kayan suna da tasiri. Mamurɗi mai 250k shi aka saba sawa a irin Precision da Jazz Bass. In ka sa mai 500k, sautin zai ƙara kaifi. Kafasita mai 0.047 ita ce ta yau da kullum, mai 0.1 kuma tana ƙara duhun murya, amma ba za ka ji bambancin sosai ba sai ka rage mamurɗin kaifi. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da kafasita mai tsada; lambarta ce ke aiki. Wajen mamurɗin ƙara murya, yawancin masu gyara suna zaɓar wanda aka rubuta wa A, don yana tashi daidai da yadda kunne ke ji.

Na lura hankalinka ya fi karkata ga firiyam mai batir, wato ɗan allon lantarkin da ke sarrafa sauti tun a cikin jitar, irin tsarin da Music Man StingRay ta yi suna da shi tun 1976. Yana da amfaninsa. Zai ba ka damar ƙara kauri ko kaifi, alhali tsohon tsari ragewa kawai yake iya yi, kuma doguwar waya ba za ta cinye maka kaifin sauti ba. Amma yana zuwa da ɗawainiya. Yana bukatar batir mai bolt 9, wasu ma biyu, da soket mai ƙafa uku, domin shigar filogi ita ce ke kunna shi. Ka bar waya a jone ka kwana, batir yana ci. Idan ya fara mutuwa kuma, murya takan dishe tana tsagewa, sau da yawa a tsakiyar wasa. Shi ya sa nake so, muddin maɗaukanka marasa batir ne, ka sa ɗan makunnin da zai tsallake firiyam ɗin ya mayar da kai tsohon tsari. In kuma maɗaukan kamfanin EMG masu batir ka saya, su mamurɗai masu 25k suke so, tsofaffin mamurɗanka ba za su yi ba. Kafin ka biya kuɗin komai, auna faɗi da zurfin ramin, da girman hujin mamurɗai, don na inci da na milimita ba girmansu ɗaya ba. Waya ana kwance ta a sake ɗaurawa, katakon da ka fafe kuwa ya tafi ke nan.

Ranar aiki, ɗauki hoton cikin ta kowane ɓangare kafin ka cire ko waya ɗaya, ka manna wa kowacce alama. Rufe jikin jitar da tsumma mai kauri, ɗigon dalma ɗaya yana ƙona fenti. Yi amfani da dalmar kayan lantarki ta 60/40 mai ƙaro a ciki, ban da ta masu gyaran famfo, ruwanta yana cin waya. Zafin ƙarfen liƙin dalma ya kai wajen digiri 350 a ma'aunin Salsiyos. Shafa wa waya dalma, ka shafa wa ƙafar da za ta hau, sannan ka haɗa su. Bayan mamurɗi shi ne wuri mai wuya: kankare shi ya yi haske, ka ɗora ƙarfe mai zafi sosai ka ɗauke da wuri. Ƙarfe mai sanyi-sanyi da aka daɗe ana dannawa shi ke gasa cikin mamurɗi. Liƙi mai kyau sumul yake yana ƙyalli; wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, sake shi. Fara gwada hannunka a kan matattun kaya, ka buɗe taga, ka wanke hannu in ka gama.

Shimfiɗa wa ramin salatif na jan ƙarfe, har da bayan murfi, ka haɗa shi da wayar ƙasa, ka bi shi da mita ka tabbata ko'ina a haɗe yake. Kula kada ƙafar mamurɗi ko ta soket ta taɓa shi, in ba haka ba jitar za ta yi tsit. Kafin ka ɗaure murfi, jona ta ka ɗan ƙwanƙwasa maganaɗisun kowane maɗauki da sukundireba ka ji ko ya amsa. In kowanne shi kaɗai yana da kauri amma a haɗe suka sirance, juya wayoyin ɗaya daga ciki. Sauya abu ɗaya, ka saurara, ka ɗauki muryar a wayar salula, sannan ka wuce na gaba. Tsofaffin kayan kuma ka adana su a leda ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wutar cikin jita ba ta da haɗari, amma tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifaya. Kada ka kuskura ka cire ƙafar ƙasa ta filoginsa don kashe gurnani, ko wa ya ba ka shawarar. In ka taɓa jin tsirkiya ko makirufo ya ɗan ja ka, kashe komai nan take. Cikin amfilifaya kuma, musamman mai kwalabe, ka bar wa ƙwararre, don kafasitocinsa suna riƙe wutar da ke iya kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.