Amsa ga ɗan'uwan da ya ce finafinan Jamus ta Gabas duk farfaganda ce

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Bayan gaisuwa, tunda a bainar jama'a ka yi mini tambayar, a nan zan amsa maka. Ka ce me ya sa nake ɓata lokaci kan finafinan da aka yi a Jamus ta Gabas zamanin mulkin gurguzu, alhali gwamnati ce ta zuba kuɗinsu, ita ce kuma ta tace su, don haka ba za su wuce farfaganda ba.

Game da kuɗi da tacewa, gaskiyarka. Kamfani ɗaya ne tal a ƙasar, sunansa DEFA, an kafa shi a watan Mayun 1946 da izinin sojojin Tarayyar Sobiyet, a dandalin shirya finafinai na Babelsberg da ke Potsdam. Darakta ma'aikacin albashi ne, kuma fim ba ya zuwa silima sai wani ofishi a ma'aikatar al'adu ya sa hannu. Wanda aka kora ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A cikin finafinai kusan 700 da kamfanin ya yi kafin a sayar da shi a 1992, akwai farfaganda tsagwaronta. Misali finafinai biyu na 1954 da 1955 kan Ernst Thälmann, jagoran 'yan kwaminisancin da 'yan Nazi suka kashe, waɗanda aka riƙa kwasar ɗalibai da ma'aikata ana kai su kallo.

To amma ka riƙe sunan daraktan da ya yi su, Kurt Maetzig. Shi ɗin dai ne a 1965 ya yi Das Kaninchen bin ich. Labarin wata budurwa ce mai suna Maria, an ɗaure yayanta shekara uku saboda wai ya yi wa gwamnati ɓatanci, ita kuma aka hana ta shiga jami'a, ta koma raba abinci a gidan cin abinci. Daga baya ta faɗa soyayya da wani magidanci, ashe shi ne alƙalin da ya ɗaure yayan nata, kuma ya tsananta hukuncin ne don ya burge manya a ƙara masa girma. Ka duba fa, a ƙasar da jam'iyya ke cewa shari'arta ba ta kuskure. A watan Disamban wannan shekarar kwamitin tsakiya na jam'iyyar SED mai mulkin ƙasar ya yi zamansa na 11, aka yi wa masu fim wankin babban bargo, aka haramta wannan fim tare da wasu kimanin goma sha biyu, kusan duk aikin shekara guda. Maetzig ya rubuta takardar amsa laifi a jaridar jam'iyya, ya ci gaba da aikinsa. Jama'a ba su ga fim ɗin ba sai da Katangar Berlin ta faɗi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, waɗannan mutane ba 'yan adawar ɓoye ba ne. Yawancinsu sun yi imani da gurguzu har zuci. Bayan an gina katanga a 1961 sai suka ɗauka tunda an rufe ƙofa, yanzu za a iya faɗa wa juna gaskiya a cikin gida. Sun yi kuskuren lissafi. Frank Beyer ɗan jam'iyya ne lokacin da ya yi Spur der Steine a 1966, inda Manfred Krug ya fito a matsayin Balla, shugaban wasu kafintoci marasa jin magana da ke kwashe kayan gini da ƙarfin tsiya saboda tsarin gwamnati ya kasa kawo musu a kan lokaci. Sakataren jam'iyya a fim ɗin mai aure ne, ya yi wa wata injiniya ciki, ya kasa fitowa ya amsa. Kwanaki kaɗan aka nuna shi, aka turo 'yan hayaniya cikin silima su yi ta ihu, sannan aka ce jama'a ne ba sa so. Aka raba Beyer da Babelsberg, ya koma aikin wasan daɓe a Dresden. Da ya dawo, shi ne ya yi Jakob der Lügner, labarin wani Bayahude da ya yi ƙaryar yana da rediyo don ya ƙarfafa wa 'yan'uwansa gwiwa a unguwar da 'yan Nazi suka killace su. Shi kaɗai ne fim ɗin Jamus ta Gabas da ya taɓa shiga takarar Oscar.

Kan batun 'yan Nazi ma, DEFA ce ta yi fim na farko a Jamus bayan yaƙi, Die Mörder sind unter uns na Wolfgang Staudte a 1946, an ɗauke shi cikin ainihin kangayen Berlin. Gwamnati ta ci moriyar irin waɗannan finafinai, tana nuna cewa masu laifin duk suna Jamus ta Yamma, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Duk da haka Ich war neunzehn na Konrad Wolf, wanda ya dawo ƙasarsa yana ɗan shekara 19 sanye da kakin sojan Sobiyet, ba fim ne na kirari ba, tambayoyi ne cike da shi. Yayansa Markus kuwa shi ne ya shugabanci leƙen asirin waje na Stasi, hukumar 'yan sandan ciki ta ƙasar.

Talaka dai ba waɗannan ya fi cika silima dominsu ba. Tatsuniyoyin yara ya fi so, da finafinan kaboyi da aka juya su, 'yan asalin Amurka suka zama jarumai, fararen baƙi suka zama mugaye, Gojko Mitić ɗan Yugoslabiya yana sukuwa a kan doki. Akwai siyasa a ciki, amma nishaɗi mutane suka je nema.

Shawarata, ka samu na Thälmann na farko da na Maria ka kalle su a jere, kana tuna cewa mutum ɗaya ne ya yi su, tsakaninsu shekara 11. Idan ka gama ka rubuto mini, a bainar jama'a kamar yadda ka fara.

Wassalam,
naka ɗan'uwa.